Wata bakwai ina ɗan koyo a situdiyon kiɗan fim a Jos, ba albashi

A WhatsApp na ga tallar, wani abokina ne ya ɗora ta a farkon Oktoban 2023: ana neman matasa masu sha'awar kiɗan fim, wai "intanshif" ne, ba ka biya, ba a biyan ka. Washegari da hantsi ina ƙofar wurin cikin sabuwar shaddata, kamar mai zuwa gaisuwar surukai. Wata bakwai na yi, na bari bayan ƙaramar Sallar 2024. Ba zan kama sunan situdiyon ba, balle na mai shi. 'Yan harkar nan a Jos ba mu da yawan da mutum zai ɓace a cikinmu, wanda ya gane ya gane. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan, ƙannen abokaina biyu ne suka tare ni da tambayar ko su je, na kasa ba su amsa a tsaye bakin titi.

Wurin yana saman wani shagon taya ne a wani lungu bayan Bauchi Road. Ɗaki biyu: na kiɗa, da ɗan akurkin ɗora murya da aka lulluɓe bangonsa da soso da kwalin ƙwai. Kwamfuta ɗaya ce, da manhajojin haɗa kiɗa FL Studio da Cubase a cikinta, sai makirfo mai kyau guda ɗaya tak wanda ake lallaɓawa kamar jinjiri, da lasifika biyu, ta hagu tana da wani ɗan zuuu da sai ka kwana biyu kake daina jin sa. Sai tsohuwar fiyano ƙirar Yamaha PSR da maɓalli biyu suka ɗashe saboda dannawa. Kar ka raina ta. Irin waɗannan fiyanon ne suka goya kiɗan fim ɗin Hausa tun ƙarshen shekarun 1990 a Kano, kuma har yau akwai sautin sarewar da Oga, mai situdiyon, ba ya yarda ya ɗauko daga ko'ina sai cikinta. A sanyin Disamba kuwa, lokacin da ruwan alwala ke yanka hannu, ba na jin akwai ɗakin da ya kai akurkin nan ɗumi a duk faɗin Jos. Har rige-rigen shiga muke yi da sunan gyara makirfo.

Mu uku aka ɗauka. Watan farko ban taɓa fiyano ba. Shara da safe, goge ƙura, ɗaukar jarka zuwa gidan mai, sayo masa da shayi, naɗe waya. In baƙo ya zo ka tashi ka ba shi kujera, ka koma kan benci. Abin da na fi haddacewa a watan nan shi ne ƙeyar Oga, don ita nake kallo daga safe har magariba. Ba a zaunar da kai a ce yau ga darasi. Ba jadawali, ba littafi, ba wanda zai ce maka wata mai zuwa ga inda za ka kai. In ka yi tambaya ana cikin aiki, amsar ɗaya ce: "Kalli hannuna." In aiki ya ƙare kuma ya gaji, ko waya ta ɗauke shi.

Amma fa hannun ya isa kallo, wannan ba zan tauye masa ba. Kafin in je na yi shekara biyu ina bin darussan YouTube a wayata, na iya jera ganguna a FL Studio, amma duk abin da na haɗa sai ya fito kamar na Legas ko na Amurka, ban san dalili ba. A mako na shida Oga ya ɗora yatsuna a kan baƙaƙen maɓallan fiyano kaɗai ya ce in yi ta yawo a kansu kar in taɓa fari. Nan take na ji Hausa ta fito. Yawancin karin waƙoƙinmu a kan sauti biyar suke tafiya, ba bakwai ba, kuma baƙaƙen nan biyar su ne. In muryar mawaƙiya ta yi sama ko ƙasa, ba sai ka sauya yatsu ba, akwai maɓallin da ke ɗaga fiyanon gaba ɗaya ko ya sauke ta har ta dace da maƙogwaronta. Ya nuna mini yadda ake ɗora kalangu a kan gangar kwamfuta ba tare da sun yi karo ba, da yadda ake ɗan goce da bugun kaɗan daga kan layi don kar ya zama kamar na inji. Abin da na yi shekara biyu ina lalube, ya warware shi kafin shayinsa ya huce.

Kunnensa kuma abin tsoro ne. Wata rana wata 'yar amshi tana ɗora baitin da ke cewa masoyinta ya bar gari, ta ja wasalin farko don ya cike kiɗan. Oga ya tsayar da komai, ya danna makirfon magana ya ce, "Hajiya, garin tuwo ya bari ko na kwaki?" Sai da muka yi dariya har da riƙe ciki, amma darasin ya zauna: a Hausa tsawon wasali da hawa da saukar murya su ne ma'ana, in kari ya murɗe su, waƙa ta faɗi abin da ba a aike ta ba. Ya fi tsananta wannan a kanmu 'yan Jos, don ya ce Kanawa na jiran mu da dariya, da ma sun ce Hausarmu ba ta san mace da namiji ba.

A nan kuma na fahimci yadda aikin yake tafiya. Waƙar fim ita ake fara yi tun kafin a kunna kyamara. A gama ta, a kai lokeshin, a sake ta a lasifika, jarumai su bi da baki da rawa. Kiɗan bayan fage kuwa shi ne na ƙarshe, bayan edita ya gama yanka, kuma kullum a makare yake zuwa. Tun da kasuwar faifai ta mutu aka koma fim mai dogon zango a YouTube, furodusa na fitar da kashi ɗaya duk mako, sai a turo mana ranar Alhamis da dare a ce ana so Asabar. A da, in lokaci ya ƙure, yankan kiɗan Indiya ake yi a manna. Yanzu YouTube na da Content ID mai sauraron duk abin da aka ɗora. In ya ji kiɗan wani a fim ɗinka, kuɗin tallan kashin na iya komawa aljihun mai kiɗan, ko a toshe bidiyon. Wannan ne ya tilasta wa masu fim neman kiɗa sabo fil duk mako, kuma ni a ganina wannan ne ya haifi tallar da na gani. Aiki ya yi wa hannu biyu yawa, kuɗin kuma bai kai a ɗauki ma'aikaci ba.

Daga wata na uku aka fara sakar mini kwamfuta da dare. Na koyi abubuwan da ba a koya sai da kunya. Na taɓa tura wa edita aiki a MP3, ya kira Oga yana faɗa, a ranar na san fim fayil ɗin sauti nau'in WAV yake so, a kan ma'aunin 48 kHz, ba 44.1 na faifan waƙa ba. Na taɓa cika wani sin na rigimar kishiyoyi da kiɗa har ba a jin abin da uwargida ke cewa, Oga ya goge rabinsa ya ce, "Mutane magana suka zo ji, kai ɗan rakiya ne." Na taɓa yin awa uku ban adana aiki ba aka ɗauke wuta. Sau ɗaya hakan ke samun mutum.

To, mu zo ga maganar "kyauta". Yayana yana sayar da kayan waya a wajen Terminus, mutum ne mai rubuta ko naira hamsin, shi ya sa ni buɗe littafi tun ranar farko tunda shi ke ba ni kuɗin mota. Daga Rikkos nake zuwa. Keke zuwa da dawowa naira 600 a lokacin, watanni kaɗan bayan cire tallafin mai na Mayun 2023, kullum kuma farashin gaba yake yi. Abincin rana in na matse naira 700. Kwana shida a mako. Lissafa ka gani: abin da nake kashewa a wata ya haura naira 30,000, wanda shi ne mafi ƙarancin albashin ma'aikaci a wancan lokacin, kafin a mai da shi 70,000 a Yulin 2024. Ko da na cire ranakun da na taka da ƙafa da na azumi, littafin ya nuna sama da naira 200,000 a wata bakwai. Abin da ya shigo hannuna daga situdiyon, haɗe da goron Sallah da ihsanin wani ango da muka yi wa waƙar biki, naira 23,000 ne. Yaya ya duba shafin ya ce, "Ashe makarantar kuɗi ka shiga, rasit ne kawai ba sa bayarwa."

Ni ina da Yaya. Ɗaya daga cikin abokan koyona ba shi da kowa a bayansa. Daga Bukuru yake zuwa, mota biyu wani lokaci uku. A coci ya tashi yana buga fiyano tun yana yaro, hannunsa biyu duk suna aiki, ya san haɗin sautukan da ni sai na ƙirga da yatsa nake gano su. In gaskiya za a bi, ni da ɗayan yaron ko ƙurarsa ba mu gani. Mako shida ya yi. Ya fara da tsallake rana ɗaya, ya koma zuwa sau biyu a mako, sai muka daina ganin sa. Da na kira shi ya ce yana taya kawunsa sayar da dankalin turawa, in ya tara zai dawo. Bai dawo ba. Oga ya ce yaran yanzu ba su da haƙuri. Na yi shiru don ba a musu da maigida a gaban baƙi, amma raina ya sosu, domin na san ba haƙuri ne ya ƙare masa ba. Duk wanda ya ce wannan ƙofa a buɗe take ga kowa, ya tambayi wa ke ciyar da wanda ya shiga.

Abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne ma. Cikin Fabrairu aka kawo wani kashi mai sin ɗin rasuwar uwa, Oga yana fama da zazzaɓi, ya ce in yi abin da zan iya. Na kwana a kai. Sarewa ɗaya na sa, da goge mai laushi a ƙarƙashinta, ba ganga ko ɗaya, na bar daƙiƙa kusan goma shiru kafin sarewar ta shigo. Da safe ya saurara sau biyu bai taɓa komai ba, ya ce, "Tura." Daga bakinsa wannan lambar yabo ce. Daraktan ya ƙaunaci kiɗan har ya mai da shi na duk wani sin na kuka a zangon. Ranar da kashin ya fita na haɗa Umma da ƙannena a gaban waya ɗaya. Umma ta share hawaye da bakin mayafi. Muka jira jerin sunaye na ƙarshe, na sa aka rage gudun bidiyon don kar ya wuce mu. Mai kwalliya ya fito, mai abinci ya fito, direban motar lokeshin ma ya fito. Wajen kiɗa, sunan Oga da na situdiyo. Ƙanwata ta ce ko a mayar baya. Umma ta ce, "Bari, ai mun ji da kunnenmu."

Na ɗau kwana uku kafin in iya buɗe baki. Na bari sai da muka fito daga la'asar, na rage murya na ce, "Oga, da ma ina cewa ko nan gaba za a riƙa saka sunana a ƙasan naka." Bai yi fushi ba, mamaki ya yi. "Ai sunan situdiyo ne, kai kuma ɗan situdiyo ne. Da kayan wa ka yi? Wa ya koya maka?" Ya zaro naira 5,000 ya ba ni ya ce in sha ruwa. Na karɓa, don ƙin karɓa rashin kunya ne, amma a hanya karin maganar nan ta kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ta yi ta yi mini yawo a kai. Daga baya na ji cewa dokar haƙƙin mallaka ta 2022 ta amince wa wanda ya ƙirƙiri aiki a ambaci sunansa a jikinsa. Sai dai wa zai kai maigidansa ƙara a kan sarewar minti ɗaya da rabi, a garin da gobe a jana'iza ɗaya za ku haɗu?

Kar kuma a ɗauka mugu nake siffantawa. Na ga littafin bashinsa. Akwai furodusan da ya yi wa kashi tara, kuɗin uku ya gani, sauran kullum "in YouTube sun biya". Ba fim ne ke riƙe da situdiyon ba. Waƙar biki ce, da ƙasidun bege, da tallar masu maganin gargajiya, da 'yan siyasa in kakarsu ta zo, mu kuwa mun shigo bayan an tashi daga zaɓen 2023, kasuwar ta yi sanyi. Rabin abin da ya shigo janareto ke shanyewa. Shi ma haka ya koya a Kano, ya ce shekara huɗu yana kwana a kan kafet ɗin situdiyo, ba wanda ya taɓa rubuta sunansa. A wurinsa abin da aka yi masa tarbiyya ce, kuma ita yake miƙa mana da zuciya ɗaya. Ranar da Umma ta kwanta asibiti shi ya fara zuwa dubiya, da ledar lemo da ayaba.

Inda na saɓa da shi shi ne, abin da yake yi bai cika koyon sana'a irin na gida ba, bai kuma cika na boko ba. Yaron tela ko na bakanike yana shara yana zuwa aike, gaskiya ne, amma maigida ke ci da shi da rana, ya ba shi na sabulu, ran da ya ƙware a yaye shi, wani har da keken ɗinki ko akwatin sifana. Makaɗan gargajiya ma, in ka cire irin marigayi Ɗan Maraya Jos da ya yi zamaninsa shi kaɗai da kuntiginsa, da yaransu suke tafe, in an tashi daga biki a zazzage abin da aka samu a raba. Kason yaro kaɗan ne, amma kaso ne. Ta ɓangaren boko kuma, wata ɗaliba ta zo mana horon SIWES, shirin nan na tura ɗalibai koyon aiki, na hukumar horar da ma'aikata ta ITF mai hedikwata a nan Jos kan titin Miango. Ta zo da littafin da take cikewa kullum, Oga na sa hannu, malaminta ya zo dubawa, ta san ranar farawa ta san ranar gamawa. Ba ta kai mu iya komai ba, amma ba a taɓa aiken ta sayen mai ba. Mu an ɗauko aike daga tsarin gida an bar ciyarwa da yaye, an ɗauko sunan Turanci daga tsarin boko an bar takarda da wa'adi.

Rashin wa'adin nan shi ya fitar da ni. Bayan Sallah na tambaye shi yaushe ake gamawa, ya yi dariya ya ce, "Ana gama koyon kiɗa?" Magana ce mai daɗi a kunne, amma Yaya ya riga ya ce daga ƙarshen Afrilu ya rufe littafi. Na yi sallama ta mutunci, na durƙusa na gode, ya sa mini albarka, ya tura mini tarin sautukan kalangu da kotso da ya yi shekaru yana tarawa. Wannan kyauta ce ta gaske, na san darajarta.

Ga ƙannen abokaina da duk mai irin tambayarsu: in kana da takardu da kuɗin makaranta, Jos ba ta rasa wuraren karatu ba. Hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, a nan take da makarantarta ta koyon fim, ga kuma Kwalejin Talabijin ta NTA a Rayfield. In kuwa kiɗan Hausa na fim kake so a hannunka, ka ga yadda ake yi wa furodusa ciniki, ka san mawaƙa su san ka, to zama bayan ƙeyar irin su Oga yana da amfanin da ban ga madadinsa ba. Duk aikin biki uku da na samu bana ta hanyar mutanen da na ba kujera a ɗakin nan suka zo. Amma kar ka je kai kaɗai da sabuwar shadda kamar ni. Ka tafi da babba, yayanka ko kawunka, a yi magana a gabansa: wata nawa, wa ke da abincin rana, in ka yi kiɗa da hannunka sunan wa za a saka. Tun ran gini ran zane. Kuma in gidanku ya wuce tafiyar ƙafa, ka lissafa kuɗin motar wata shida ka ga ko akwai mai ɗauka kafin ka fara. In maki ake so, kunnen Oga da hannunsa goma bisa goma, kayan aiki shida, tsarin koyarwa uku, ukun ma don ba a wasa da lokacin salla ne.

Yanzu ina haɗa kiɗa a ɗakinmu da tsohuwar kwamfutar da Yaya ya saya mini bashi, na kafa katifa a jikin taga. Makon jiya Oga ya kira ni, wai zango na biyu ya zo, daraktan yana neman wanda ya yi sarewar nan. Muka gaisa, na tambayi iyali, ya tambayi jikin Umma. Na haɗiye yawu na ce, "Oga, nawa ne kashi ɗaya, kuma ya maganar suna?" Ya yi shiru har na duba ko kati ne ya ƙare. Can ya ce, "Lallai ka girma. Shigo gobe bayan azahar mu yi magana. In za ka taho ka biya ta gidan mai, jarkar tana wurin mai taya."